Hular da Na Ɗinka a Ɓoye

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. A wurinmu haka ake yi, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yaba shi gaban mutane, in ya faɗi ma ba ita ke ɗaga shi ba. Da aka yaye shi, uwar mijina ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, a cikin gida ɗaya muke, can ƙauyenmu na gefen Sisawa. Tun daga nan nake ce masa ɗan tsohuwa. In na zuba tuwo sai in ce, "A kai ma ɗan tsohuwa," kamar ina maganar baƙo. Ina dai cika masa kwano fiye da na kowa, in danna tuwon da mara don kada a gane.

Shekarar da aka fara maganar aurensa na ɗinka masa hula. Na iya ɗinkin hula tun ina gidanmu a Rabah, amma ban taɓa yi wa kowa a gidan miji ba, shi kansa maigidan bai san ina taɓa allura ba sai don ɗinke tsumma. Nakan jira kowa ya tafi fadama, in ja ƙofa, in zauna bakin gado. Zaren shuɗi ne da ruwan ƙasa. Kusa da gamawa shuɗin ya ƙare, wanda aka samo mini bai kai na farko duhu ba, sai na ƙarasa da shi a wajen ƙeya inda ba a cika lura ba. Da goggonsa, ƙanwar maigidan da ke aure a Giyawa, ta zo ganin gida, na damƙa mata, na sa ta rantse za ta ce ita ta saya masa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ke dai kunya za ta kashe ki." Ya karɓa ya yi ta yi mata godiya a tsakar gida, ni kuwa ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba. Daga ranar bai rabu da hular nan ba, har fadama da ita yake zuwa.

A fadamar aka kashe shi, lokacin albasa ta fara ƙosawa. An yi ta raɗe-raɗin an ga baburan 'yan bindiga a bakin daji, mutane da yawa sun ƙi fita. Maigidan ya ce albasa ba ta jiran tsoro, in ba a ba ta ruwa ba ta ƙone. Suka tafi su biyu da hantsi. Wajen azahar muka ji harbi. Da la'asar aka shigo da gawar ɗan, uban yana biye, jikinsa duk laka, ko ƙwarzane babu.

Mata suka cika gida. Tsohuwa suka yi wa gaisuwa, da goggonsa. Ni aka bar ni da turmi, ina dakan furar baƙi. Na ji wata tana cewa, "Kai, baiwar Allah ga akwai kara, ko ɗigon hawaye." Na ci gaba da daka. Geron ya zama gari, garin ya zama ƙura, ban daina ba sai da aka karɓe taɓaryar daga hannuna.

A zaure kuma, aka ce mini, duk wanda ya yi wa maigidan ta'aziyya amsa ɗaya yake ba shi: "Na bar su da Allah." Mutane suka yi ta yabon haƙurinsa. Ni maganar ta tsaya mini a wuya. Wa ya ba shi ikon barin su shi kaɗai? Ya tambaye ni?

Tsohuwa ba ta kai damina ba. Bayan ta, ƙauye ya watse, muka koma cikin garin Wurno, wani ɗan'uwan maigidan ya ba mu ɗaki a bayan gidansa. Mutumin da na sani da fatanya a kafaɗa tun asuba ya koma mai zaman tabarma. In babur ya wuce a lungu sai ya dafe ƙasa da hannu biyu. Ruwa ma in ana zuba shi daga tulu zuwa randa, ƙarar takan sa ya tashi ya fita. Bai taɓa gaya mini abin da ya faru a fadama ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Yaya zan tambayi labarin yaron da ban taɓa ambata ba? Muna ci a ɗaki ɗaya, muna sallah a kan lokaci, mamacin yana zaune tsakaninmu babu mai duban sa.

Ina ajiye masa abinci, amma na daina cewa ga shi. Na daina yi masa sannu in ya yi tari. Ban zage shi ba ko sau ɗaya. Nakan dube shi kawai, in ga ƙafafunsa biyu lafiya, hannuwansa biyu lafiya, in ce a raina: da me ka dawo da su?

Tunda ba mai noma, na shiga aikin gyaran albasa. A bakin kasuwa akwai rumfuna inda ake jibge ta, mata masu shekaru irina mu zauna mu ware ruɓaɓɓa, mu cire ɓawon da ya saki, mu raba manya da ƙanana kafin a ɗura a buhu. Aikin ya yi mini daidai. A wurin albasa kowa idonsa na ruwa, babu mai tambayarka dalili.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani mai jakkai ya kawo kaya daga wajen Goronyo. Dogo ne, baƙi, mai yawan wasa, matan rumfar duk sun san shi. Ya juya baya yana kwance igiyar mangala, sai na ga ƙeyarsa. Shuɗi mai duhu, sannan shuɗi mai haske.

Albasar da ke hannuna ta faɗi ta gangara. Na sunkuya kamar zan ɗauko ta, na matsa kusa. Hulata ce, kowane ɗinki nawa ne, sai wuri ɗaya a gefen dama, sama da kunne, inda aka ɗinke wata huda da baƙin zare, ɗinki mummuna, manya-manya, irin na namijin da bai saba riƙe allura ba. Ba sai an gaya mini abin da ya yi hudar ba.

Wata tsohuwa mai baki a cikinmu ta ce, "Mai jakkai, wagga hula ta hi ƙarhin kanka. Ko amarya za ka yi muna?"

"Wace amarya, Inna? Jakkan ga ukku sun ishe ni kishi."

"To ina kas samo ta? Kai da munka sani da malhwa awa ta mai kiwon raƙumma."

Ya taɓa hular da yatsa biyu, ya gyara mata zama. "Hular ga tana da labari," in ji shi, "amma ba na rumfar albasa ba na."

Suka yi ta dariya. Ga wanda ya harbe shi, ko wanda ya tsaya kusa da mai harbin, ya cire hula daga kan gawa, ya ɗinke hudar harsashi, yana yawo da ita cikin mutane yana ba mata dariya. Akwai wuƙar yankan ganye kusa da ƙafata. Na dube ta, na dubi wuyansa. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, ba zan yi ƙarya ba. Na ga cewa hannuna ba zai kai ba. Na zauna na karanta shi kamar allo: tsagar da ke kumatunsa, jakin nan mai yankakken kunne, ranar da yake zuwa, hanyar da yake bi.

Na koma gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Maigidan yana kan tabarma a inuwar katanga yana jan carbi. Na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, na ga ɗaya daga cikinsu."

"Cikin su wa?"

"Ka sani."

Carbin ya tsaya. "Ki bar wagga magana."

"Shina zuwa kasuwa duk mako. Na san hanyatai. Ka tashi ka tahi wurin 'yan sa-kai."

"Da mi kig gane shi? Rubutu ka akwai ga goshinai?"

Nan ne ya kamata in ce hula. Kalma ɗaya ce. Amma in na ce hula, sai in ce ni na ɗinka ta, in na ce ni na ɗinka ta, na tsaya gaban mijina tsirara da son ɗan da na ɓoye tun ranar suna. Bakina ya ƙi. Na ce, "Na dai gane shi."

"Ke kina can? Kin gan su?" Muryarsa ta hau, rabon da in ji ta haka tun a ƙauye. "Mutanen da sunka ruhe huska da rawunna, ke kina cikin gida kina tankaɗe, yanzu ki ce kin gane? So kike a kashe bawan Allah a banza, in ɗauki jini biyu?"

"Kai da kake can," na ce, "mi kay yi?"

Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi, ya tashi, ya manta takalmansa, ya fita. Da ya dawo bayan magariba bai taɓa tuwon ba. Da safe na ɗaure kayana a zane na hau mota zuwa Rabah. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa yin yaji ba sai ranar, da furfura a kaina.

Gidan yayana na sauka, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Shi ma an kwashe masa shanun huɗa, an kashe masa maƙwabci, ya shiga 'yan sa-kai, bindigarsa tana rataye a zaure kusa da buzun sallah. Na gaya masa akwai wani mai jakkai. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Shaida hwa?" Sai da matarsa ta ja ni ɗaki, tana ba ni fura tana lallashi, na faɗa mata zancen hula, fuskata a bango. Ita ta kai masa.

Ya zo ƙofar ɗakin ya tsaya. "Kin tabbata ɗinkinki na?"

"Yaya, ko cikin duhu na san shi."

"To ya ishe. Ran kasuwa mai zuwa muna tare shi kan hanya, tun bai shiga gari ba."

Ban tambayi abin da za su yi masa ba. Na sani, kuma ina so. Kwanakin nan na ci abinci da daɗi, na yi barci, na yi wa matar yayana wanke-wanke ina 'yar waƙa. Nakan zauna in ƙaga yadda za a sauke shi daga kan jaki, yadda bakin nan mai wasa zai koma roƙo. Na roƙi yayana abu ɗaya, a cire hular kafin komai, kada ta sake ɓaci.

Ana gobe kasuwa maigidan ya zo biko. Ya zo shi kaɗai, ba dattijon da zai yi masa magana, sai ɗan ƙullin goro. Daga baya na ji cewa ya ƙi hawa babur daga tasha, da ƙafa ya ƙaraso cikin rana. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira ni na zauna daga bakin ƙofar ciki, na ba su gefe.

Yayana ya ce, "Malam, sai yau? Mun ce ko ka samu wata ta a Wurno."

"Yaya, wa za ya ba ni? Wadda nike da ita ma ta gudu."

"Ba gudu tay yi ba. Ƙara ta kawo, kuma mun karɓa. Abin da kak kasa, mu za mu yi shi gobe in Allah ya kai mu."

Maigidan ya sunkuyar da kai. "Ku ji tsoron Allah. Ba ta ga kowa ba. Ni da nike wurin ban ga huska ko guda ba."

"Ba huska tag gani ba. Hula tag gani. Hular yaron, bisa kan wani mai jakkai."

Na ga bayan mijina ya miƙe a hankali. "Dogo? Mai tsaga nan? Da jaki mai yankakken kunne?"

"Ashe ka san shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita ta. "Yaya, ni nib ba shi hular ga. Da hannuna."

Sai ya fara magana, ba yayana yake kallo ba, ba ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce suna cikin ban ruwa injin ya daina jan ruwa, ya gangara bakin rafi ya duba tiyo, yaron yana sama wajen fangalin albasa. Ƙarar injin ce ta hana su jin babura. Da ya ɗago ya gan su sun kewaye yaron. Ya ce ƙafafunsa suka mutu, ya zube cikin ciyawar kacalla, ruwa har wuya. Suna tambayar yaron ina ubansa, ina mai injin. Yaron ya ce shi kaɗai ya zo. Suka sake tambaya, ya sake faɗa. Maigidan ya ce yana jin komai, yana ganin komai ta tsakanin ganye, ya buɗe baki zai ce ga ni, sauti bai fito ba.

"Har sunka tahi ban motsa ba," in ji shi. "Mutane sunka watse, ba wanda yay yarda ya shigo hwadama. Sai wanga mutum, shina wucewa da jakkai, bai san ni ba, ban san shi ba. Shi yaj jawo ni daga ruwa. Shi yak kwance kayanai yaz zubar a ƙasa, yaɗ ɗora yaron bisa jaki har bakin gari. Na ce ya shigo, yac ce a'a, shi baƙo na."

Hular, ya ce, a cikin fangali ya tsince ta, ya sa a aljihu. Ya wanke ta a ɓoye. Ya ɗinke hudar da kansa don ba ya iya kallon ta. Ya ajiye ta ƙarƙashin tabarmarsa, kullum tana hana shi barci, ya kasa jefarwa. Da ya haɗu da mutumin a Wurno bayan mun koma, ya roƙe shi ya karɓa sadaka, ladar ta kai wa mai ita.

"In da na san tana da wani mai ita, da ban bayar ba. Na ɗauka goggonai tas saya a kasuwa."

Yayana ya juyo ya dube ni. "Hwaɗa mai."

Na ja mayafi na rufe fuska. Na ce, "Ni niɗ ɗinka ta."

Ban san yadda kukan ya fito ba. Ba irin na mata a gidan mutuwa ba ne, wani abu ne kamar na dabba, ya fito daga ƙasan ciki. Matar yayana ta riƙe ni. Ina ji yayana ya tashi ya fita da sauri, don ya riga ya aika wa mutanensa, dole ya bi su ɗaya-ɗaya ya warware. Aka bar mu mu biyu, ƙofa a tsakaninmu.

Da na samu numfashi na ce, "Malam, kac ce ka bar su da Allah."

"Na ce."

"Ni ban bari ba. Ban yahe ba, kuma ba ni yahewa. In ka yahe, ka tahi Wurno kai ɗai."

Sannan ya ce, "Wa yac ce miki na yahe? Kasawa niy yi. In na ce na bar su da Allah, mutane na ƙyale ni. Ba ranar da ba ni kashe su cikin raina, in gama in ga ni ɗai na cikin kacalla." Ya share fuska da hannun riga. "Wanda yah harba, ya zauna yac cire takalman yaron yas sa. Na roba, ruwan toka, na hagu ya tsinke an ɗaure da waya. Wannan nig gani da idona. Shi ɗai nike da shi."

Na san takalman. Ni na ba da wayar, daga hannun tsohon bokiti, na ce a kai ma ɗan tsohuwa.

Washegari muka koma Wurno a mota ɗaya. Ban je rumfa ba ranar. Maigidan ya je ya sami mai jakkai, ban san abin da ya gaya masa ba, na dai roƙe shi kada ya faɗi zancen tare shi a hanya. Mutumin ya aiko da hular a naɗe cikin leda, da saƙon a gaida uwar yaron, Allah ya ba ta haƙuri. Karo na farko ke nan da wani ya kira ni haka. Na aika masa da fura mai yawa da nono, na san ba ta biya ba. Har yau in ya zo rumfa nakan gaishe shi in kawar da kai, shi yana ɗauka kunya ce.

Na ɗauko reza zan warware baƙin zaren in ɗinke da kyau. Na duba ɗinkin, yadda allurar ta yi ta kaucewa, wani wuri an soka sau da yawa kafin a samu. Na mayar da rezar. Hular tana cikin kwallata yadda take.

Yanzu ina cewa ga tuwo in na ajiye. Yana ci. Wani lokaci yakan raka ni har bakin kasuwa, ya zauna nesa da masu babura, bayansa a jikin bango. Mutane na cewa Malam ya fara warkewa, ya fara shiga jama'a. Ba su lura da inda idonsa yake ba. Ni ma a rumfa hannuna na ware albasa, idona na ƙasa, kan ƙafafun masu wucewa, masu dako, masu awo, masu saye daga nesa. Takalmin roba ba ya daɗewa, na sani, wataƙila tuni ya tsinke an yar da shi a daji. Duk da haka ina dubawa.

In mun koma gida da yamma yakan tambaye ni, "Kin ga wani abu?" In ce a'a. In tambaye shi, ya ce a'a. Sai in ɗora tukunya. Mun yi alkawari, duk wanda ya fara gani zai gaya wa ɗan'uwansa da baki, dalla-dalla, har kalar wayar, kafin kowa ya ji.